Ɗaukar Hoton Motar Tsere a Abuja: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na fara ɗaukar hotunan motoci a wuraren wasan dirif na nan Abuja, wasan da direba ke sa mota ta zame a karkace taya na hayaƙi, da wuya mako ya wuce wani bai tare ni da tambayar saiti ba. Wani ya turo hotonsa ya ce in duba masa inda ya ɓaci, wani kuma lambobi kawai yake so in karanto masa. Na tattaro tambayoyin da suka fi dawowa, na amsa su gwargwadon abin da hannuna ya saba.

Kalmomi uku za su yi ta maimaituwa. Shota ita ce ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa, wato ɓangaren da ke kama hoton a cikin kyamara. In na rubuta 1/1000, ina nufin ya tsaya a buɗe na kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Apaca ita ce ramin da haske ke bi cikin lensi: f/2.8 wangameme ne, f/16 ɗan tsukuku. ISO kuwa shi ne ƙarfin da kyamara ke ƙara wa hasken da ya shigo.

Oga, motar nan gudu take kamar walƙiya. Ba sai in kai shota 1/4000 in huta ba?

Za ka iya, kuma hoton zai fito tar. Sai dai motar da za ka gani a ciki tamkar ajiye ta aka yi a tsakiyar fili.

Zuwana na farko haka na yi. Na ɗaure shota a 1/4000, na yi ta dannawa tun bayan azahar har la'asar sakaliya. Komai ya fito, har rubutun jikin taya ana karantawa, notocin wili ana ƙirgawa. Akwai wani dattijo mai hoto a gefena, cikin waɗanda suka yi zamanin fim da ɗakin wanki. Na miƙa masa kyamarar. Ya jima yana duban wata jar BMW, sannan ya ɗora yatsa a kan tayar baya ya ce, "Ɗana, hoto ya fita. Amma ina gudun? Tayar nan ba ta juyawa." Na ce, "Baba, ai tsoro na ji kada ya yi dishi-dishi." Ya ce, "Motar ce ba a so ta yi dishi-dishi. Taya da abin da ke bayan motar, ka ƙyale su su gudu."

Da na koma gida sai na zauna da biro. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a sakan ɗaya. Zagayen tayar ƙaramar mota kusan mita 2 ne, ke nan tana juyawa kamar sau 14 a sakan. A 1/4000 ko digiri 2 ba ta juya ba, dole ta fito a sandare. A 1/250 ta juya kusan digiri 20, yatsun wilin sun fara narkewa. A 1/60 ta haura digiri 80, kuma wili mai yatsu biyar tazarar digiri 72 ce tsakanin yatsa da yatsa, don haka sai su haɗe su zama kamar faifai. Wannan faifan shi ke gaya wa idon mai kallo cewa mota a guje take.

To wace lamba zan fara da ita?

Ka fara duba ta ina motar take zuwa maka.

In ta fuskanto ka kai tsaye, ko ta ba ka baya, gefen tayarta ba ya bayyana, ba abin da za ka yi asara in ka daskarar da ita. Sa 1/1000 zuwa 1/2000. Mota mai gudun kilomita 200 a awa tana matsawa fiye da santimita 5 a cikin 1/1000 na sakan, don haka ba almubazzaranci ba ne.

In tana shigowa kwana a karkace, ana ganin gabanta da ɓarin jikinta, 1/320 zuwa 1/500 na ba da jiki garau da ɗan motsi a taya.

In kuwa gilmawa take ta gabanka, daga hagu zuwa dama ko akasin haka, nan ne ake yin abin da masu sana'ar ke kira fanin, ni kuwa na fi son in ce masa rakiya: ka bi motar da kyamara yayin da shota take buɗe. Fara da 1/250. In hannunka ya zauna, sauko 1/160, 1/125, sannan 1/80. A wasan dirif na ƙaramin fili motocin ba sa yin gudun da ƙararsu ke nunawa, taya ce ke ihu, saboda haka sau da yawa sai ka sauko 1/80 ko 1/60 kafin bayan hoton ya ja zare, wato ya koma dogayen layuka, yadda ake so.

Tseren daji a kan burji ko jar ƙasa daban ne. Hotunan gasar Safari ta Kenya, wadda aka fara a 1953 kuma ta koma cikin gasar duniya a 2021, da yawansu da shota mai sauri ake ɗauka, domin tsakuwa da ƙurar da taya ke watsowa sun isa shaidar gudu.

Abin da nake yi in aikin kuɗi ne: zagaye biyu na farko ina kan 1/500, in tabbatar kowace mota ta shiga memori. Sai na san ina da abin miƙa wa mai aiki, sannan in fara saukowa.

Ina bin motar, amma komai sai ya fito a dagule. Me nake yi ba daidai ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta ba a cikin maɓallan kyamara take ba, a ƙugunka take.

Tsayuwa tukuna. Buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka fuskanci wurin da kake so ka danna, ba wurin da motar za ta ɓullo ba. Daga nan sai ka murɗa ƙugu zuwa inda take fitowa, ƙafafu na nan inda suke. Yayin da take tahowa jikinka warwarewa yake yi, yana komawa yadda ya fi jin daɗi, kuma daidai lokacin da ta zo saitinka kana tsaye sak. Wanda ya fuskanci mafitar motar kuwa, lokacin dannawa zai same shi a murɗe, yana neman faɗuwa.

Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Tafin hagu a ƙarƙashin lensi, ba a samansa ba. Ido a jikin tagar leƙe, goshi ya tokare kyamarar. Mai riƙe kyamara a nesa da fuska yana kallon allo kamar mai ɗaukar bidiyon biki ba zai taɓa samun 1/80 mai kyau ba.

Sannan kada ka bi mota gaba ɗayanta, ta yi wa ido girma. Zaɓi abu ɗaya a jikinta: lambar ƙofa, mariƙin ƙofa, madubin gefe, ko hular kwanon direba in ana hangenta. Ɗora ɗigon fokas a kai ka hana shi zamewa. In ɗigon ya zauna a kan lambar tamkar an liƙa shi, hoto ya samu tun kafin ka duba.

Kuskuren da na fi gani shi ne tsayawa da zarar an danna. Mutum ya ji ƙarar shota sai hannunsa ya ja birki, alhali a lokacin ne hoton yake shiga. Rakiyar baƙo ba a bakin zaure take ƙarewa ba, sai an taka masa. Ka fara bin motar tun tana nesa, ka danna a hankali ba tare da soka yatsa ba, ka bar kyamara ta harba uku zuwa biyar a jere, ka ci gaba da juyawa har motar ta wuce. Sau da yawa na tsakiyan ne ke fita, don na farko yana ɗauke da girgizar yatsa.

Wani abu da ke tayar wa sababbi hankali: ƙofa ta fito tar amma gaba da bayan motar sun ɗan narke. Ba laifin lensi ba ne. Idan mota tana kusa, nisan hancinta da na wutsiyarta daga gare ka ba iri ɗaya suke canzawa ba, don haka wuri ɗaya kawai za ka iya daidaita gudunka da shi. Abin yana raguwa in motar tana gilmawa daidai saitinka, ko in ka ja baya ka ƙara zuƙowa. Ni kam ba na ƙin sa matuƙar direba ko lamba ta fito.

Ka kuma kula da abin da ke bayan motar. Sararin sama ko farin bango ba sa jan zare, ko ka sauko 1/30. Taron 'yan kallo da rigunansu kala-kala, itatuwa, allunan talla, tarin tayoyi masu fenti, su ne ke zama layuka. Kafin a fara wasa nakan zaga filin ina neman bayan hoto kafin in nemi komai.

Na sauko 1/60 da rana, hoton ya fito fari fat.

Ranar Abuja ke nan. Akwai tsohuwar ƙa'ida tun zamanin fim: da rana tsaka, a ISO 100, f/16 tana tafiya da kusan 1/125. In ka sauko 1/60 sai f/22. Ƙasa da haka yawancin lensi sun ƙure, haske ya yi ambaliya. Ko ma bai ƙure ba, f/22 tana da illa biyu: kaifin hoto yana raguwa, kuma duk ƙurar da ke kan sensa za ta bayyana ɗigo-ɗigo a sararin sama.

Maganin shi ne filta mai rage haske, wadda ake rubuta ND a bakinta. Tabarau ce ta lensi. ND8 tana rage mataki uku, wato inda za ka yi 1/125 a f/16 sai ka yi a f/5.6, inda za ka yi 1/60 a f/22 sai ka yi a f/8. Ita kaɗai ta wadatar da ni a yawancin ranaku. Akwai wadda ake murzawa tana ƙara duhu, tana da sauƙin aiki, amma in aka kai ta ƙarshe takan jefa baƙin gicciye a hoto. Kafin ka je shago duba faɗin bakin lensinka, yana rubuce a gabansa: bakin lensin Canon 55-250 milimita 58 ne, 70-200 mai f/2.8 kuma 77.

Filtar CPL ma tana rage mataki ɗaya zuwa biyu, ga kuma wani amfani: tana kashe ƙyallin gilashin mota har a hango direba da hannunsa a kan sitiyari.

Wanda ba shi da ko ɗaya, ya jira la'asar. Daga ƙarfe biyar haske yana laushi, yana shigowa ta gefe, hayaƙin taya ya koma ruwan zinari in rana na bayansa. Sai dai a yi sauri, don a nan magariba ba ta jan ƙafa.

M zan sa, ko Tv, ko in bar ta a Auto?

Auto ba ta san kana son taya ta juya ba, cire ta a lissafi. Mai koyo ya fara da inda shi ke zaɓen shota kyamara ta zaɓi apaca, wato Tv a Canon, S a Nikon da Sony, ISO a 100. In lambar apaca ta fara ƙyaftawa, kyamara na gaya maka haske ya fi ƙarfinta.

Ni M nake zama, inda nake zaɓen shota da apaca da hannuna, in rana ba ta wasa da gajimare. Dalili kuwa, ma'aunin hasken kyamara yana ruɗewa: farar mota ta shigo ya duhunta hoto, baƙa ta shigo ya haskaka, farin hayaƙi ya turnuƙe ya sake sauya ra'ayi, alhali ranar da ke dukansu ɗaya ce. Nakan auna a kan kwalta, in gwada da farar mota in tabbatar fentinta bai ƙone ba, in bar shi haka. Da damina, da hadari ke rufe rana yana buɗewa cikin minti ɗaya, sai in koma Tv.

Fokas yana tsallake motar ya kama shinge ko mutanen baya.

Da farko ka tabbata kana kan fokas mai bin motsi: AI Servo a Canon, AF-C a Nikon da Sony. In kana kan One Shot ko AF-S, kyamara ta kulle inda motar take ɗazu, ba inda take yanzu ba.

Na biyu, kada ka sakar mata duka ɗigogin. Ɗigo ɗaya, ko ƙaramin rukuni mai ɗigo a tsakiya da mataimaka kewaye da shi. A tsofaffin kyamarori na tsakiya ya fi kowanne ƙarfi. Ka nuna masa wurin da ke da rubutu ko layi, don santsin fenti ba ya ba shi abin kamawa.

Na uku, manyan kyamarori suna da saitin da ke ƙayyade saurin da fokas ke sakin abin da ya riƙe in wani abu ya gilma. A dirif ka mai da shi ɓangaren jinkiri, don kada hayaƙi ko sandar tuta su sace shi. Da yawanmu kuma mun mai da fokas kan maɓallin AF-ON na baya: babban yatsa yana bin mota, manuni yana harbi, kowa da aikinsa.

Sababbin kyamarori marasa madubi suna gane mota da kansu. Olympus E-M1X ta zo da haka a 2019, Canon R3 da Nikon Z9 a 2021. Yana aiki sosai, sai dai in motoci biyu sun jero ƙofa da ƙofa yakan yi tsalle daga wannan zuwa waccan, sai ka nuna masa wadda kake so.

In duk abin ya gagara, akwai dabarar su Baba: ka zaɓi alama a ƙasa inda kowace mota ke bi, ka daidaita fokas a kanta da hannu, ka sa f/8, ka harba yayin da motar ke takawa.

Kyamarata tsohuwa ce, 'yar tokumbo. Za ta iya?

Sosai. Canon 700D da Nikon D5300 suna harba biyar a sakan, kuma rakiya ba ta buƙatar fiye da haka. In kuɗi ya samu kana neman ta hannu, Canon 7D Mark II ta 2014 da Nikon D500 ta 2016 don irin wannan aikin aka ƙera su, goma suke harbawa a sakan. Amma kafin sauya kyamara, sayi filta da memori mai sauri. Memori mai nauyin jiki shi ke sa kyamara ta tsaya tana haki daidai lokacin da motoci biyu suka goga juna.

Wane lensi?

70-200 ya ƙoshi a filayenmu. 55-250 ko 70-300 ma sun yi, tunda rakiya a f/8 ake yawan yinta, tsadar f/2.8 sai da dare take biyan kuɗinta. A Canon mai ƙaramar sensa ana ninka lambar da 1.6, a Nikon da 1.5, don haka 200 tana zuƙowa kamar 300 ko fiye. Ƙaramin 18-55 na wurin da ake gyaran motoci ne da fuskokin direbobi. Kada ya ja ka ka matsa kusa da fili.

Abin hana girgiza fa, in kunna ko in kashe?

In lensinka na Canon yana da Mode 1 da Mode 2, na biyun na rakiya ne: yana gyara girgizar sama da ƙasa ya bar maka juyin gefe. A Nikon, Normal ko Sport. In tsohon lensi ne mai kunnawa da kashewa kawai, kuma ka ga hoto yana fizga a tagar leƙe yayin da kake juyawa, kashe shi. Daga 1/1000 zuwa sama ba ka buƙatarsa.

Me ya sa sandunan fitila suka kwanta a hotona, taya ta koma kamar ƙwai?

Kana kan shotar lantarki, wadda ba ta ƙara. Yawancin sensa layi-layi suke karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, kafin a kai layin ƙarshe abin ya riga ya matsa. Matsalar ta girmi kowa a cikinmu: akwai sanannen hoton motar tsere da Bafaranshe Jacques Henri Lartigue ya ɗauka kafin Yaƙin Duniya na Farko, tayar ta miƙe ta yi gaba, 'yan kallo sun karkata baya. Koma shotar inji, mai ƙarar nan, abin zai ragu ƙwarai. Sony A9 III da aka sanar a 2023 tana karanta duka sensar lokaci guda, ba ta da wannan ciwo, amma kuɗinta ba na kowa ba ne.

Hunturu yana ɓata mini hotuna.

Hazo yana cinye kala da kaifi, kuma iya nisan motar iya yawan ƙurar da ke tsakaninku. Ka zaɓi ɓangaren filin da motoci ke matsowa, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, don ka samu damar dawo da kala a kwamfuta, ka kafe ma'aunin fari, saitin da ke daidaita kalar haske, a alamar rana maimakon barinsa yana yawo. A gefe guda hazon yana rage zafin haske, har nakan yi 1/100 ba filta.

Kada ka sauya lensi a bakin fili. In ya zama dole, shiga mota ka rufe gilashi, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Ƙurar roba da taya ke fesowa baƙa ce, tana manne wa gilashi. A fara hure ta da famfon roba kafin a kai ƙyalle, in ba haka ba yashi kake gogawa.

Watan Maris da Afrilu kuma kawalwalniya ce. Kwalta ta ɗau zafi, iskar samanta na rawa, duk motar da ke nesa ta fito kamar a cikin ruwa. Babu saitin da ke gyara wannan, kada ka zargi fokas. Jira motar ta matso, ko ka sami wuri mai ɗan tudu don kada ka harba ta saman kwalta.

In wasan ya kai dare?

Cire filta, buɗe apaca iyakarta, ka bar ISO ya hau 1600, 3200, har 6400 in ta kama. Hoto mai yashi-yashi yana gyaruwa, wanda ya dagule ba ya gyaruwa. Dare abokin rakiya ne, don 1/60 ba ta cin ISO da yawa, fitilun baya kuma suna zama dogayen layuka.

In ka ga ratsi-ratsi, ko wani hoto ya yi haske na kusa da shi ya yi duhu, fitilun filin ne. Wutarmu tana kai da komo sau 50 a sakan, fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 100. Gwada 1/100 ko 1/50, ka kunna saitin hana ƙyaftawa in kyamararka na da shi. Filasha kuwa a bar ta a jaka. Mutumin da ke juya mota a karkace ba ya buƙatar walƙiya a idonsa.

Ina ya kamata in tsaya?

A nan ba na sassauci. Kada ka tsaya a wajen kwana, wato ɓangaren da mota za ta nufa in ta ƙwace. Kada ka tsaya a ƙarshen miƙaƙƙen layi inda ake taka birki. Ka kasance bayan shinge mai ƙarfi, igiya da jarkokin roba ba shinge ba ne. Kada ka zauna dirshan ko ka kwanta inda ba za ka iya zabura ba, kuma ka san inda za ka gudu tun kafin ka ɗaga kyamara. Tagar leƙe tana yaudara: tana rufe maka gefe, motar da za ta same ka ba ita kake kallo ba. Shi ya sa nake son wani ya tsaya a bayana, idonsa a fili, hannunsa kusa da rigata.

A tseren Le Mans na Faransa a 1955, mota ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka rasu, kuma fili ne da aka tsara don tsere. Ina ga wanda aka killace da safe za a kwashe da yamma?

Wasan mota na biki, ko tseren dare a kan titin da jama'a ke bi, ba na ɗauka, kuma ina roƙon ƙannena masu tasowa kada su ɗauka. Yaro in ya ga kyamara ƙara taka mai yake yi, kuma wanda zai bige bai zo kallo ba, gida zai tafi. Je wurin da masu shiryawa suka rufe hanya, ka nemi izininsu, ka bi abin da masu tuta suka ce. Ka sa abin toshe kunne, ka riƙe ruwa.

Zan je kallon Formula 1 a Jidda. Yaya zan yi da shingen waya?

Tun tseren Kyalami na Afirka ta Kudu a 1993 gasar ba ta sake zuwa nahiyarmu ba, don haka Jidda, da ta fara karɓar ta a 2021 a bakin Bahar Maliya, tana cikin mafi sauƙin zuwa ga mutanenmu. Da dare ake yi, kuma motocin suna haura kilomita 300 a awa.

Shinge yana ɓacewa in ka matsa jikinsa gwargwadon yadda aka yarda, ka zuƙo sosai, ka buɗe apaca, ka zaɓi inda fitila ba ta haska wayar. Fokas zai so kama wayar, sai ka kunna maɓallin lensi mai hana shi duba kusa, ko ka daidaita da hannu. Nemi kwanar da suke rage gudu, ka fara da 1/500. Karanta ƙa'idar tikiti tun kana gida, wasu filayen suna iyakance girman lensi.

Wayar hannu kawai gare ni.

Rakiya iri ɗaya ce. Wasu wayoyin Samsung da Tecno suna da sashen Pro inda ake zaɓen shota, sai dai yawancin wayoyi ba a rage musu apaca, don haka da rana 1/60 za ta ƙone sai da ƙaramar filta mai maƙalawa. Da yamma kuwa ba matsala. Google Pixel, tun daga ta 6, tana da Action Pan da ke ƙirƙiro jan zaren da kanta.

Ba kullum ake wasa ba. A ina zan yi atisaye?

A ƙofar gidanku. Keke napep a layin Kubwa ko Lugbe ya ishe ka malami: a hankali yake tafiya, don haka sai ka sauko 1/30 kafin baya ya ja, kuma wanda ya iya 1/30 a kan keke, 1/125 a kan motar tsere ba za ta ba shi wuya ba. Kekunan yara ma haka. Dokin folo ya fi wuya, don yana gaba yana sama da ƙasa. Abuja ce dai, ka nisanci barikoki, ofisoshin jakadanci da kewayen Fadar Shugaban Ƙasa da Majalisa in kana riƙe da dogon lensi.

Cikin ɗari, nawa ya kamata su fita?

A 1/500 yawancinsu. A 1/125 ni kaina in na sami ɗaya cikin biyar na gode Allah. A 1/40 wata ranar sai in cika memori in tsira da uku, amma ukun nan su direbobi ke nema a buga musu babba.

Kada ka yarda da allon kyamara haka nan, a ƙaramin allo komai kyau yake yi. Tsakanin zagaye da zagaye ka kare shi da hula, ka zuƙo har ƙarshe a kan lambar ƙofa. In gefen lambar ya fito kamar yankan reza, danna maɓallin kulle ka wuce. In ta ja wutsiya gefe, gudunka da na motar ne bai daidaita ba. In ta yi sama da ƙasa, yatsanka ne ya yi nauyi ko gwiwar hannunka ta saki. In kuwa ta yi laushi ko'ina ba wutsiya, fokas ne. Gogewa kuma a bari sai an koma gida an duba a babban allo.